Digiri na biyu a kan Indiya ta zamani: me mutum zai iya in ya gama?

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na yi digirin farko a kimiyyar siyasa, na gama bautar ƙasa, yanzu ina duba inda zan yi na biyu. Akwai wani kwas a jami'ar Gottingen ta Jamus da ya tsaya mini a rai. Shekara biyu ne, da Turanci ake koyarwa, kuma gaba ɗayansa a kan Indiya ta zamani yake: al'ummarta, siyasarta, da fafutukarta da talauci. Abin da ya ɗaure mini kai, ba fanni ɗaya ba ne. Tarihi, tattalin arziki, nazarin al'umma, addini, duk an zuba su wuri guda. Akwai irinsa a Oxford da SOAS ta Landan, sai dai kuɗin can ba na irinmu ba ne. Wanda ya yi irin wannan karatu, me ya iya in ya gama? Ko dai ɗan taɓa nan ɗan taɓa can ne kawai?

Kawu na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki tafi Jamus ki karanta Indiya? To in kina son karanta Jamus sai ki tafi ina, Masar? Mu dai abu uku muka san Indiya da su: asibiti, Keke Napep da fim. Ki nemi karatun da za ki dawo ki ce ga sana'ata.

Malamin Samaru:
Kawu, a yi mana afuwa, bari in ba ƙanwata misali ɗaya ta auna da kanta.

A Indiya ana haifar mutum cikin wani rukuni na asali da ya gada daga iyaye. Rukunin ke yanke wa zai aura, a da har da sana'ar da zai yi da rijiyar da zai ɗebi ruwa. Na can ƙasa, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su, su ne yau suke kiran kansu Dalit. Tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950, wanda Dokta Ambedkar ya shugabanci kwamitin rubuta shi, kuma shi kansa Dalit ne, ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17. Aka ware wa Dalit kashi 15 cikin ɗari na aikin gwamnatin tarayya, ƙabilun Adibasi na tsaunuka da dazuzzuka kuma kashi 7.5. A watan Agustan 1990 Firaminista V.P. Singh ya kakkaɓe rahoton kwamitin Mandal, wanda ya shekara goma a ajiye, ya ƙara kashi 27 ga rukunonin tsakiya da aka bari a baya. 'Ya'yan manyan asali suka cika titunan Delhi, har wasu ɗalibai suka cinna wa kansu wuta. A 1992 Kotun Ƙoli ta amince da ƙarin, amma ta ce kada jimillar guraben da aka ware ta wuce rabi.

To, lauya zai karanta miki hukuncin nan. Masanin tattalin arziki zai auna ko albashin waɗannan mutane ya ɗaga. Amma wa zai faɗa miki dalilin da ya sa kusan wata guda da rabi bayan sanarwar Singh, L.K. Advani na jam'iyyar BJP ta masu kishin Hindu ya hau mota ya fara zagaye ƙasa yana kiran a gina wurin bautar Ram a Ayodhya? Masana da yawa suna ganin amsa ce: Mandal yana raba mabiya Hindu gida-gida bisa asali, shi kuma Advani yana neman abin da zai haɗe su. A watan Disambar 1992 aka rushe masallacin Babri, wanda ke daidai wurin da ake son gina wurin bautar. A wannan tsakanin ne 'yan siyasar rukunonin tsakiya da na Dalit, su Lalu Prasad Yadav a Bihar, da Mulayam Singh Yadav da Mayawati a Uttar Pradesh suka taso, kuma tun 1989 jam'iyyar Congress ba ta sake mulkin Uttar Pradesh ba. Dokar rabon aiki, rikicin masallaci da faɗuwar jam'iyyar da ta karɓi 'yancin kai, labari ɗaya ne. Wanda ya tsaya a fanni ɗaya sulusinsa zai gani.

Kawu na Sabon Gari:
Malam, duk wannan dogon bayani ai rabon muƙamai jiha-jiha ne da muke yi a nan. Sai an je Jamus?

Malamin Samaru:
Nan ne tarkon yake, Kawu, kuma ƙanwata ta kiyaye shi. Namu na jiha ne. Ɗan minista da ɗan mai faskare in jiharsu ɗaya gurbi ɗaya suke nema, kuma ka san wa zai samu. Nasu na asalin haihuwa ne, sannan a rukunonin tsakiya kotu ta ce a tsame masu hali. Tun 2017, gidan da kuɗin shigarsa ya kai rufi (kuɗin Indiya) 800,000 a shekara 'ya'yansa ba sa cin gurbin. Suna kama daga nesa, amma tambayar da kowanne yake amsawa daban ce. Ɗalibin da ya je yana neman Najeriya a cikin Indiya zai dawo da abin da ya tafi da shi.

Ɗalibin Delhi:
Ni a nan nake karatu, don haka bari in goyi bayan Kawu a rabin maganarsa. Yaya, kin duba yin karatun a Indiyar kanta? Jami'ar Jawaharlal Nehru, wadda aka kafa a 1969, tun asali a kan wannan salon na haɗa fannoni aka gina ta. Ga Makarantar Tattalin Arziki ta Delhi, ga cibiyar Tata ta nazarin al'umma a Mumbai tun 1936, ga cibiyar nazarin ci gaba a Kerala. Hukumar ICCR ta gwamnatinsu tana ba 'yan Afirka tallafin karatu duk shekara. A Jamus jami'o'in gwamnati na yawancin jihohi ba sa karɓar kuɗin koyarwa, gaskiya ne, amma kafin biza sai kin nuna kuɗin zama a rufaffen asusu, kusan Yuro 12,000 na shekara guda. Ki buga shi da naira.

Abin da za ki samu a nan wanda littafi ba zai ba ki ba: ajinku zai cika da mutanen da ake magana a kansu. Ana muhawarar rabon gurabe, wanda ke gefenki da gurbin ya shigo, na bayanki kuma yana ganin shi aka ƙwace wa. Har tallan neman aure na jaridun Lahadi bisa asali ake jera shi.

Sai dai ban ɓoye miki ba. Baƙar fata yana shan wahalar samun haya, akwai masu gidan da da zarar sun gan ka sai ɗakin ya zama an riga an kama. A watan Maris 2017 gungun mutane sun far wa ɗalibai 'yan Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi. Kuma bakin malamai ba a sake yake kamar da ba. A 2016 an kama shugaban ɗaliban jami'ar Nehru, Kanhaiya Kumar, da tuhumar tayar da fitina, a farkon 2024 kuma gwamnati ta soke lasisin karɓar kuɗin waje na wata babbar cibiyar bincike ta Delhi, CPR. Akwai batutuwan da ya fi sauƙi a rubuta su daga Gottingen fiye da daga nan, Kashmir na kan gaba.

'Yar Gwale:
Na gode ƙwarai. Wannan na ƙarshe ban taɓa kawo shi a raina ba. To harshe fa? Na ga ana son mutum ya koyi ɗaya daga harsunan ƙasar.

Ɗalibin Delhi:
Ki koya, kada ki yi wasa da shi. Da Turanci za ki yi hira da 'yan boko da manyan ma'aikata kaɗai, su kuwa ba su ne Indiya ba. Tsarin mulki ya lissafa harsuna 22, kuma tun 1956 bisa harshe aka yanka iyakokin yawancin jihohi, bayan wani mutum mai suna Potti Sriramulu ya mutu yana yajin cin abinci a 1952 don a ba masu harshen Telugu jiharsu. In arewa za ki yi, Hindi. In kin iya karatun ajami, Urdu zai zo miki da sauƙi ta fuskar rubutu, kuma a baki shi da Hindi kusan abu ɗaya ne. In Tamil Nadu za ki, kada ki je musu da Hindi, sun yi bore a kansa a 1965 kuma har yau ba su huce ba.

Kuma don Allah kada kowa ya ce ya iya Indiyanci don ya haddace waƙoƙin fim.

Kawu na Sabon Gari:
Da ni kake, yaro. Mun ji.

Barista:
Ina ta karantawa ina murmushi, domin Kawu da ya ce Indiya ba ta shafe mu ba, in aka gurfanar da shi a kotun majistare a Kano, da jikar dokar Indiya za a yi masa shari'a. Kundin Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960 daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuma daga kundin Indiya na 1860 wanda Baturen Ingila Macaulay ya tsara. Su Indiyawan ma sai ranar 1 ga Yulin 2024 suka maye gurbin nasu da sabo. Shi kansa Lugga a Madras aka haife shi, a Indiyar kuma ya fara aikin soja, kuma Turawa sun daɗe suna mulkin ɗaruruwan masarautun Indiya ta hannun sarakunansu kafin su zo mana da salon.

Amma abin da nake son ƙanwata ta duba shi ne shari'ar Shah Bano, don babu misalin da ya fi shi nuna amfanin wannan karatu. Dattijuwa ce Musulma a garin Indore, mijinta lauya ya sake ta bayan shekaru masu yawa da aure. Ta kai ƙara a ƙarƙashin dokar ƙasa da ta wajabta ciyar da matar da ba ta da hali. Mijin ya ce shi bayan idda ba abin da ke kansa. A 1985 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, amma alƙalan ba su tsaya nan ba, suka shiga fassara Alƙur'ani, suka kuma yi kira a yi dokar aure guda ɗaya ga kowa. Malamai suka tashi tsaye. Gwamnatin Rajiv Gandhi, duk da gagarumin rinjayen da take da shi a majalisa, ta ji tsoron rasa ƙuri'un Musulmi, ta yi doka a 1986 da ta rage ƙarfin hukuncin. Sai masu kishin Hindu suka ce ga shi nan, ana lallaɓa Musulmi. A wannan shekarar ce aka buɗe makullan masallacin Babri don mabiya Hindu su shiga bauta. Kin ga yadda ƙarar kuɗin ciyarwa ta mace ɗaya ta haɗe da labarin da Malam ya kawo.

Ba a gama ba har yau. A 2017 kotu ta soke saki uku a lafazi ɗaya, a 2019 majalisa ta mai da shi laifi mai ɗauri har shekara uku. Ƙungiyoyin mata Musulmi kansu sun rabu: wasu su suka kai ƙarar, wasu suka ce in an ɗaure mijin wa zai ciyar da yaran, kuma me ya sa mijin da ba Musulmi ba in ya yasar da matarsa ba a ɗaure shi. Jihar Uttarakhand ta riga ta yi dokar aure ta bai-ɗaya a 2024. Ni da na karanta doka zalla, hukuncin kawai aka koya mini. Sauran sai da na bi ta tarihi da siyasa.

Hajiya Likita:
Barista ka taɓo inda nake so. Musulmin Indiya a ƙidayar 2011 kashi 14.2 ne, mutum miliyan 172, amma 'yan tsiraru ne, kuma rahoton kwamitin Sachar na 2006 ya nuna an bar su a baya sosai a ilimi da aikin gwamnati. Mu nan ba mu saba tunanin Musulmi a wannan matsayi ba.

Ni ta wajen shan inna na san su. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafi a 2003, a yammacin Uttar Pradesh, wajen Moradabad, irin jita-jitar ce take yawo a unguwannin Musulmi, cewa ɗigon na hana haihuwa. Amma tushen tsoronsu na gida ne. A zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, kuma talakawa ne suka fi shan sa. Mutumin da aka yi wa ubansa haka, ka zo ƙofarsa da magani kyauta alhali kwatar unguwarsa ta shekara ba a yashe ba, me kake so ya ce? Sai da aka jawo jami'ar Musulmi ta Aligarh da Jamia Millia da limamai, aka ɗauki matan unguwa suna bi gida-gida, kafin abin ya juya. Yaro na ƙarshe da cutar ta kama a Janairun 2011 ne, a 2014 aka tabbatar sun rabu da ita, mu sai 2020. Maganin iri ɗaya ne a Kano da Moradabad. Abin da ya hana shi shiga baki ba a koyar da shi a makarantar likitanci.

Mai Lissafi:
Kowa ya kawo labari mai daɗi, ni bari in ɓata taron. Hajiya, Barista, Malam, dukkanku kuna da sana'a a hannu kafin ku leƙa wasu fannonin. Ita ƙanwarmu tambayarta me za ta iya. Na ga masu irin wannan digiri da za su yi awa guda suna zuba a kan mulkin mallaka, ka miƙa musu jadawalin alƙaluma su rasa ta ina za su fara. Ƙungiyoyin raya ƙasa da cibiyoyin bincike ba ra'ayi suke saye ba.

Misali. Daren 8 ga Nuwamba 2016 Firaminista Modi ya fito a talabijin ya soke takardun rufi 500 da 1,000, kusan kashi 86 na kuɗin da ke hannun jama'a, wai don a kama kuɗin haram. Aka yi ta layi a banki makonni. Mai surutu zai ce an zalunci talaka, wani mai surutun ya ce an karya ɓarayi. Babban bankinsu ya fitar da lissafi a 2018: kashi 99.3 na takardun sun dawo banki. Magana ta ƙare, kuɗin haram bai ƙone ba. Da masu ba da shawara a Abuja sun zauna da wannan adadi ɗaya kafin canjin naira na ƙarshen 2022, wataƙila da ba mu kwana a bakin na'urar cire kuɗi ba a Fabrairun 2023.

Don haka ƙanwata, kafin ki cike takarda, buɗe jerin darussan ki ƙirga nawa ne na hanyoyin bincike da ƙididdiga. In babu, ko na zaɓi ne kawai, ki zaɓe su duka.

Malamin Samaru:
Ban ƙi ta taka ba, ƙididdiga wajibi ce. Amma ka ƙarasa labarin. Wata huɗu bayan wannan wahala aka yi zaɓe a Uttar Pradesh, BJP, jam'iyyar Modi, ta lashe kujeru sama da 300 cikin 403. Mutanen da suka sha layin su suka zaɓe ta. Jadawalinka zai gaya maka manufar ta gaza, ba zai gaya maka dalilin da ya sa talaka ya ji daɗin ganin mai kuɗi ma yana gumi ba. Wannan sai ka zauna da shi a rumfar shayi, da harshensa.

Mai Lissafi:
Rumfar shayi ɗaya, mutum goma, sai a rubuta littafi a ce Indiya ce. Ga irin aikin da nake nufi. Gyaran tsarin mulki na 73 a 1992 ya ware wa mata sulusin kujerun majalisun ƙauye, har da shugabanci. Da yake kusan bisa sa'a ake ɗaukar ƙauyen da za a ware, Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay suka kwatanta ƙauyukan a Bengal ta Yamma da Rajasthan, suka samu inda mace ke shugabanci an fi kashe kuɗi a ruwan sha. Wannan hujja ce da za ka ajiye a gaban gwamna.

Malamin Samaru:
Aiki ne mai kyau, ina koyar da shi. Amma je ka ƙauyukan arewacin Indiya, akwai inda matar ce a takarda, mijin ne ke zama a kujera yana sa hannu, har gwamnati tana ta jan kunne a kai. Wanda ya tsara tambayoyin binciken in bai san da wannan ba, zai auna mijin ya rubuta sunan matar. Su Duflo sun sani don sun je. M.N. Srinivas kuwa ƙauye ɗaya ya zauna a 1948 a yankin Mysore, kuma abin da ya gano game da yadda rukuni mai filaye da yawan jama'a ke juya ƙauye, har yau masu lissafin zaɓe da shi suke aiki.

Barista:
Ku biyun nan kun ba ta amsa ba ku sani ba. Kwas ɗin ai don a haɗa ku a kai ɗaya aka yi shi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, daga Nijar nake bin ku. Ni abin da ya sa na girmama karatun Indiya yunwa ce. Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, yana yaro ya ga yunwar Bengal ta 1943 da ta kashe mutum wajen miliyan uku. Da ya girma ya nuna ba rashin shinkafa a ƙasa ne babban dalili ba, farashi ne ya tashi saboda yaƙi, ɗan ƙwadago da masunci suka kasa saye. Mu da muka ga 2005 a Maraɗi ba mu buƙatar a fassara mana. Hatsi na kasuwa, tiya ta fi ƙarfin talaka, yara na cika cibiyoyin tamowa.

Sen ya ce ƙasa mai zaɓe da jarida mai 'yanci ba ta yin babbar yunwa, kuma tun 1947 Indiya ba ta sake irin ta Bengal ba. Amma ga abin mamaki. Sun yi juyin noma a Punjab da Haryana tun shekarun 1960, rumbunan gwamnati cike, dokar 2013 tana ba mutum wajen miliyan 800 hatsi kilo 5 kowane wata, duk da haka binciken lafiya na 2019 zuwa 2021 ya samu kashi 35.5 na yara 'yan ƙasa da biyar sun tsumbure. Hatsi ya wadata, yaro bai girma ba. Masu bincike suka koma duba ba-haya a fili, da matsayin amarya a gidan miji, wadda ita ke ci a ƙarshe ko tana da ciki. Su kuma manoman Punjab ruwan ƙasarsu na ta zurfi saboda shinkafa da lantarkin ban-ruwa na kyauta, kuma ba gwamnatin da ta isa ta taɓa farashin da take saye da shi. Modi ya gwada dokokin noma uku a 2020, manoma suka shekara a bakin Delhi da taraktocinsu, ya janye a Nuwamban 2021.

'Yar Gwale:
Allah ya saka da alheri, na kwafe duk wannan. Yanzu damuwata ta koma wani wuri. Ƙasar da ta wuce Sin a yawan jama'a tun 2023, masu rajistar zaɓe kusan miliyan 970 a 2024, ta ina mutum zai kama a shekara biyu? Ina sha'awar mata a majalisun ƙauye, amma ina tsoron in ɗauko abin da ya fi ƙarfina.

Malamin Samaru:
Ba wanda ke karanta Indiya duka, har su malaman. Ki ɗauki jiha ɗaya, tambaya ɗaya. Uttar Pradesh kaɗai tana gogayya da Najeriya a yawan mutane. A ƙidayar 2011 masu iya karatu a Kerala kashi 94 ne, a Bihar kashi 62, tsarin mulki ɗaya, kuɗi ɗaya. In matan ƙauye kike so, Bihar ta ɗaga kason mata zuwa rabi tun 2006, ita ta fara. Kerala kuma tana da Kudumbashree, ƙungiyoyin mata na unguwa-unguwa tun 1998, inda da yawa daga cikin matan da ke tsayawa takara suka fara koyon magana a taro. Ko ɗaya daga cikin biyun ya ishe ki kundi. Kuma ki duba sunayen malaman sashen tun yanzu, ki ga ko akwai mai aiki a jihar. In babu mai duba ki, kyan jami'a ba zai amfane ki ba.

Kawu na Sabon Gari:
Malam, kai ka ce 2011, Hajiya ta ce 2011. Mutanen da ake cewa sun fi kowa kwamfuta ba su sake ƙirga kansu ba?

Ɗalibin Delhi:
Ba su sake ba, Kawu. Tun 1881 duk shekara goma suke yi ba fashi, ta 2021 aka ɗage saboda korona, aka yi ta ɗagawa. Yanzu an sa 2027. Mu ma dai tun 2006 muke, ba mu da bakin dariya.

Kuma Yaya, ki sa ido a nan, domin lokacin da za ki rubuta kundi wannan ce za ta zama babbar rigima. Rabon da a ƙirga kowane rukunin asali a ƙasa baki ɗaya tun 1931, zamanin Turawa, kuma da wannan tsohon lissafi kwamitin Mandal ya yi aiki. A 2025 gwamnati ta ce za a saka tambayar asali a ƙidaya mai zuwa. Mu a 2006 cire tambayar addini da ƙabila aka yi don a zauna lafiya, su kuma ƙananan rukunoni ne ke matsa lamba a ƙirga su, don sun tabbata sun fi kason da ake ba su yawa.

Mai Lissafi:
Bihar ta riga ta gwada nata a 2023. Rukunonin da aka bari a baya suka fito kashi 63, ban da Dalit da suka kusa kashi 20. Nan take majalisar jihar ta ɗaga guraben da aka ware zuwa kashi 65.

Barista:
Babbar kotun Patna kuma ta soke shi a watan Yunin 2024, ta ce ya keta iyakar rabi ta hukuncin 1992. Jihar ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta karɓa amma ta ƙi dakatar da hukuncin Patna. Sai dai lauyoyin Bihar suna da abin riƙewa: a 2019 tarayya da kanta ta ƙara kashi 10 ga talakawan manyan asali, wanda ya haura da jimillar sama da rabi, kuma a 2022 alƙalai uku cikin biyar suka ce ya halatta. Tamil Nadu ma kashi 69 take bayarwa tun shekarun 1990. Ƙanwata, in kin samu dama ki karanta ra'ayin alƙalai biyun da suka ƙi, ya fi na masu rinjayen zafi.